Kawu, Mai Yi wa Likitoci Gaisuwar Mutuwa

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. A bakin Kawu na fi jin wannan magana, ga shi yau a kansa nake faɗinta.

Kawu, yayan mahaifiyata, tsohon likita a Filinge, ya rasu da hantsi a ɗakinsa, ana tsakiyar yankan hatsi. Ni ce likitar da ke dubansa. Ni na ɗora abin sauraro a ƙirjinsa na ji shiru, ni na ja masa mayafi, ni kuma na fita tsakar gida na gaya wa matarsa, wadda muke ce wa Inna. Da na koma gidana a ranar, na cire farar rigar aiki na cusa ta ƙarƙashin kaya a adaka, na ce wa maigidana na gama da aikin likita. Bai ja maganar ba, ya ɗauka zafin rashi ne. Ni kuwa har ga Allah nufina ke nan.

Kwanakin zaman makoki gidan bai ɗauki jama'a ba. Maza sun cika ƙofar gida har inuwar maƙwabta, mu mata kuma mun cunkushe a ciki, tabarma a kan tabarma. An zo daga Tabla da Bonkuku da wasu ƙauyukan ƙasarmu ta Kurfai da ban taɓa jin sunansu ba, wasu a mota, wasu a amalanken jaki. Kowa da abin da ya riƙe na Kawu. Wannan ta ce shi ya fid da ita daga naƙudar da aka riga aka cire mata rai, waccan ta ɗaga zani ta nuna tabon ɗinki a ƙwaurinta tana shafa shi kamar abin ado. Aka ce a waje tsohon direban motar asibiti yana ba da labarin yadda Kawu ya taɓa yi masa faɗa tun daga Baleyara har gida, yana dariya hawaye na zubo masa.

Mutanenmu kuma ba sa barin halinsu don an yi mutuwa. Wata tsohuwa daga wajen Tabla ta durƙusa gabana, ta yi gaisuwa yadda ya kamata, ta yi addu'a mai tsawo. Ina cewa amin, sai ta matso ta karkata kai, ta kira ni da sunan da ake kiran likita a wajenmu.

"Lokotoro, tunda Allah ya gama mu, duba mani wuyan ga. Tun damana shika kumburi."

"Iya, ki tahi asibiti, akwai masu dubawa," na ce mata.

Ta dube ni, ta gyara kallabinta. "Da tsoho na, bai cewa haka."

Gaskiyarta. Na bi ta da ido har ta fita, hannuwana suna kan cinyata, na kasa ɗaga su.

Babban ɗan Kawu, taubashina, yana aiki a Yamai, bai iso ba sai bayan an rufe mahaifinsa. Tun muna yara ba mu haɗuwa bai tsokane ni ba. Mai allura yake ce mini, ni kuma in ce masa ragon birni, a yi ta yi har Inna ta kore mu. Wannan karon ya shigo ya gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa, kuma wannan ladabin ya fi mini zagi ciwo. Da mutane suka ɗan ragu, ya tsaya a bakin ƙofa bai dube ni ba.

"Da kin sa shi mota kin turo muna shi."

"Ya ƙiya," na ce.

"Ke ta likita a ranar, ba shi ba."

Maganar da ya faɗa ita ce nake faɗa wa kaina tun ranar da abin ya faru. Ɗaruruwan mutane sun ce mini ya haƙuri a gidan nan, na amsa har muryata ta dishe, amma duk ɗiyar ƙanwar mamaci suke gaisarwa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na cikin wannan taron ba.

Za a daɗe ana faɗin aikin hannun Kawu, masu tabo suna nan da yawa. Abin da nake tsoro ya ɓace shi ne wanda aka fi yi masa dariya a kai, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kawu dogo ne, siriri, mai saurin tafiya da saurin fushi. Hularsa kullum a karkace take, Inna ta gaji da gyara masa ta bar shi. Ba ya cin goro amma aljihunsa ba ya rabuwa da shi, wai tsohuwa ba ta faɗa maka ainihin ciwonta sai bakinta na motsi. In ya fara wanke hannu, mai zuba masa ruwa sai ya ƙosa. Abin da ya fi ba mutane mamaki kuwa gaisuwarsa ce. Kowa ya san in an ce maka ina gajiya, amsa ɗaya ce, ba gajiya, ko da ƙafafunka na rawa. Shi sai ya ce, "Akwai ta, hal ta yi yawa," ya wuce abinsa, ya bar mai gaisuwa tsaye. Ina yarinya kunyar wannan amsa tasa nake ji, har in ɓuya bayan Inna. Sai da na shiga aikin na gane ba rashin ladabi ba ne.

A zamanin soja ya fara aiki, lokacin da likita ɗaya ke riƙe da ƙasar da mota ba ta gama zagaya ta a yini. Zamani ne da ma'aikaci ba ya cewa ya gaji. Babba na iya diro maka daga Yamai da sassafe ba sanarwa, in ya tarar ba ka wurin aikinka, to ka san inda dare ya yi maka. Ga fari, ga ƙyanda, ga sanƙarau in zafi ya kama. Kawu yana da aboki a lokacin, majo ne, wato babban ma'aikacin jinya, shi kaɗai ke riƙe da wani ƙaramin asibitin ƙauye can wajen Bonkuku. Baƙo ne a ƙasarmu, daga gabas aka turo shi, ba mata, ba dangi. Mutum ne mai hannu, in ji Kawu, jijiyar jaririn da kowa ya nema ya rasa, shi yake samunta. Wata shekarar ƙyanda yara suka yi ta mutuwa a hannunsa. Kawu yakan je rangadi, ya duba magani, ya duba allurai, ya ce ina gajiya, majo ya ce ba gajiya, a yi sallama. Ran nan aka wayi gari majo ya kulle asibitin, ya ba mai gari makulli, ya kama hanya da ƙafa.

Shekaru suka wuce kafin Kawu ya sake ganinsa. A kasuwar Baleyara ne, wajen masu dabbobi, yana zaune gaban tulin igiyoyi yana sayarwa. Kawu ya ba ni labarin nan ba sau ɗaya ba, kuma kullum a wuri ɗaya muryarsa ke sauyawa. Ya ce ya tsuguna ya roƙe shi ya dawo, ya yi masa alkawarin zai nema masa afuwa wurin manya. Mutumin ya ci gaba da tufka igiyarsa, can ya buɗe baki.

"Likita, in yaro ya mutu, ta ƙofar gidansu nake bi in zan koma ɗakina. Ga tabarmi, ga mutane, ana ta yi musu ya haƙuri. Su yaro ɗaya suka rasa. Ni duka na rasa su, kuma a hannuna. Sai in wuce in hura wuta in dafa abin da zan ci. Ko mutum ɗaya bai taɓa ce mini ya haƙuri ba. Kai ma ba ka ce ba."

Majo bai dawo aiki ba. Kawu ya sayi igiyar da ba ya bukata, ya koma mota.

Tun daga nan ya ɗauki wata al'ada da babu ita a karatun likitanci, babu ita kuma a al'adar Kurfai. Ma'aikacin asibitin da mara lafiya ya mutu a hannunsa, likita ne, majo ne, ungozoma ce, Kawu zai bi shi gida ya yi masa gaisuwar mutuwa. Ba kowace mutuwa ba, da ba zai zauna gidansa ba. Fuska yake dubawa. In ya ga mutum ya fito daga ɗakin da abin ya faru ya shiga wanke kayan aikin da an riga an wanke, ko ya yi ta dariyar da ba ta da dalili, to bayan la'asar sai ga shi da kwano a hannu. Tuwon hatsi ne ko kopto, ganyen zogale da aka kwaɗa da ƙuli, don gidan da aka yi rashi ba a barin su su ɗora tukunya. Zai ce a shimfiɗa tabarma, ya cire takalmi, ya ɗaga hannu a yi fatiha, sannan ya ce, "Hwaɗa mani tun daga hwarko," ya saurara. Ba ya katse ka. In ka gama, sai ya dube ka ya ce ya haƙuri. In akwai kuskure a aikin zai faɗa, amma ba ranar ba, sai an kwana biyu, a asibiti, kuma a can ba ya sassautawa ko kaɗan. Ranar tabarma ta haƙuri ce kawai, kuma ba ya tashi sai ya ga ka ci abinci.

Ni nawa rabon ya zo ne bayan soja sun koma bariki, na dawo daga karatu a Yamai, sabuwar likita, sabuwar amarya, muna zaune gida ɗaya da uwar mijina. Aka kawo wata mai haihuwa daga ƙauye a amalanke, jini ya riga ya tafi da yawa. Sa'ata ce. Ta riƙe wuyan hannuna tana ce mini yaya, ba ta sake ni ba har ta cika. Na koma gida na shige ɗaki, na zauna a ƙasa da takalmina a ƙafa.

Bayan la'asar Kawu ya yi sallama. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ajiye kwanonsa, ya ce, "Hito, lokotoro." A gida ɗiyata yake ce mini, a kan tabarmar nan kaɗai yake kirana da sunan aiki. Na fito, ya ɗaga hannu, na ɗaga, kuka ya ƙwace mini.

Ashe wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Ta ga tsohon likita a kan tabarma, hannu sama, amarya na kuka, ga kwanon abinci daga wani gida. Maigidana kuwa ɗan kasuwa ne, kuma kowa ya san ya tafi Baleyara da safe a motar haya. Ba ta tambayi kowa ba, ta zari mayafi. Kafin mu shafa fatiha labari ya gama unguwa cewa mota ta faɗi. Uwar mijina tana dawowa daga gidan suna ta ci karo da mata suna salati, sun nufi gidanta. Da ƙyar aka shigo da ita, mata biyu suna riƙe da ita.

"Wa yam mutu?" ta tambaya.

"Wata yarinya ta, Hajiya, daga ƙauye, wurin haihuwa," in ji Kawu.

"Danginmu ta?"

"A'a. Maras lahiyar ɗiyata ta."

Sai da ta zauna ta sha ruwa kafin maganar ta shige ta. Da ta shige ta kuwa, ban taɓa ganin an manta da kunyar surukuta irin ranar ba.

"Malam, da girmanka? Ka zaka ka shimhiɗa mani tabarmar mutuwa cikin gida, ɗana shina bisa hanya? Mutuwa kaka kira muna?"

"Ban kira ta ba, Hajiya. Ta riga ta shigo. Bisa kahwaɗar surukarki tas shigo, ku ba ku gani ba."

"Tau ka ɗauke ta ka kai gidanka."

Haka aka yi. Ya naɗe tabarmar da kansa, ya ɗauki kwanonsa, ya ce in biyo shi. Muka ratsa matan da suka zo kuka suna tsaye ba su san inda za su sa hawayensu ba. Maigidana ya dawo da magariba yana ta mamakin yadda mutane ke kallonsa a hanya, har yau abokansa mamaci suke ce masa. Uwar mijina kuwa ba ta ƙara amsa gaisuwar Kawu ba sai da Sallah ta zagayo, kuma har ta bar duniya ba ta yarda cewa abin da ya yi daidai ne ba. Ni ma ba na ganin laifinta, ta ji mutuwar ɗanta a ranar.

A gidan Kawu na faɗi komai, tun daga shigowar amalanken har sakin hannun. Na faɗi abin da na yi da wanda nake ganin da na yi. Ya saurara yana ɓare gyaɗar da ba ya ci. Da na gama ya ce ya haƙuri, na ce da godiya, ya turo mini kwanon. Ba wani abin al'ajabi da ya faru. Yarinyar ba ta dawo ba, har yau kuma ina jin yatsunta. Amma na yi barci, da safe na koma aiki, kuma na san da ba a yi mini haka ba, da a shekarar farko na bi hanyar majo.

Bayan ya yi ritaya ma bai bari ba. Ba mai gaya masa, amma gari ƙarami ne, labari na isa gare shi kafin a gama wankan gawa. Sababbin likitocin da ake turowa daga Yamai sukan yi masa dariya a bayan ido, su ce tsufa ne. Wasu daga cikinsu na gani da idona, bayan 'yan watanni, suna tsaye ƙofar gidansa da la'asar suna ta gyaran murya, sun rasa yadda za su ce a shimfiɗa musu. Da damina kuma yakan tasa mu gaba zuwa gonarsa ta hanyar Tabla, ya ba kowa hauya, wai hannun da ke taɓa masu mutuwa kullum ya kamata ya taɓa abin da ke tsiro. Noman namu ɓarna ce kawai, masu yi masa aiki sai sun bi bayanmu sun gyara. An taɓa tura ni wani taro a Yamai kan gajiyar ma'aikatan lafiya, aka koya mana yadda ake jan numfashi da yadda ake raba lokaci. Ban raina ba, na ƙaru. Amma duk zaman taron ina tunanin kwanon kopto ne.

Kada in mai da shi waliyyi. Haƙurin da yake rabawa a waje bai cika kai shi gida ba. 'Ya'yansa sun tashi suna jin takunsa suna gyara zama. Taubashina ya taɓa ce mini, cikin wasa amma ba wasa ba ne, da ya san haka ne da ya kashe wani ko baba ya zauna da shi a tabarma. Kawu ya san da wannan, ya kuma yi nadama, amma bai iya gyara ba.

Shi kuwa fa, wa ke zuwa masa? Na tambayi Inna, ta ce duk zamansu ba ta taɓa ganin kowa ba. In aka yi masa rashi a asibiti, yakan shigo ya wanke hannu, ya shiga ɗaki ya zauna yana fuskantar bango har a kira sallah. Ita kunya ba ta barinta ta zauna kusa da shi ta tambaya, na ƙasa da shi kuma wa zai iya shimfiɗa wa babba tabarma? Na taɓa yi masa tambayar kai tsaye. Ya ce in je in duba ko shayi ya dahu.

Zuciyarsa ce ta gaji a ƙarshe. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gajarta, ba ya iya barci sai a jingine. Na ba shi duk abin da muke da shi. Da na ga abin yana gaba na ce sai Yamai, ya ce ba inda za shi.

"Na aika mutane da yawa bisa hanyar ga don in huce ma kaina, sunka mutu cikin mota kahin Baleyara, ba mai ba su kalmar shahada. Kin san abin da za su yi mani can, ni ma na sani."

Na sani. Akwai na'urorin da ba mu da su, wataƙila su ƙara masa makonni, wataƙila kuma hanyar kaɗai ta ƙarasa shi. Da wani tsoho ne daban, da na bar shi gida hankalina kwance. Amma Kawu ne, kuma wannan wataƙilar ita ce ta zauna mini a ƙirji. Ban tilasta shi ba.

Abin da zan faɗa yanzu ban gaya wa kowa ba a zaman makoki, ko Inna ba ta san abin da aka yi a ɗakin ba. Ana saura 'yan kwanaki ya rasu, na je duba shi bayan la'asar. Na tarar an shimfiɗa tabarma a gaban gadonsa, ga kwano a rufe. Ya ce wa Inna ta ba mu wuri. Sannan ya ce in kama shi ya sauko. Na ce ba zai yiwu ba, ya fara zamewa da kansa, dole na tallafe shi har ya zauna ya jingina da gadon. Ya daɗe yana neman numfashi.

"Zamna, lokotoro."

Da jin sunan na gane. "Kawu, mi na haka? Ba wanda yam mutu yau."

"Akwai wanda za shi mutu. Maras lahiyarki na, wani tsoho mai taurin kai."

"Ba ni so. Don Allah ka bari."

"In na bari sai yaushe? Rannan kowa na zuwa shi gaida ɗiyar ƙanwata. Likita hwa, wa ka zuwa mata?"

Ya ɗaga hannuwansa, sun kumbura. Na ɗaga nawa don ba ni da yadda zan yi. Muka shafa. Ya ce in faɗa masa tun daga farko. Na fara, ina cewa mara lafiya, kamar wani ne daban: yadda ya zo, abin da na ji a ƙirjinsa, maganin da na fara da shi, wanda na sauya. Ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Maganar Yamai ce ta fi mini wuyar faɗi. Ya jira ni har na ƙarasa.

"Da ni ka dubanshi, haka ni ka yi," ya ce. Ya huta, sannan ya buɗe ido. "Ya haƙuri, lokotoro?"

Ta yaya zan ce da godiya, mamacin yana zaune gabana yana kallona? Ya jira, ya ga ba amsa.

"Tau, riƙe amsar. Amma ki jiya. Wagga gaisuwa ba tawa ɗai ba ta. Hal da na bayana, waɗanda za su tahi bisa hannunki ba ni nan. Na yi maki su dut yau, don ban san wanda za shi yi maki ba."

Ya tura kwanon da bayan hannu. Na buɗe na fara ci, ban san ɗanɗanonsa ba. Ranar ce kaɗai bai jira ya ga an cinye ba, barci ya ɗauke shi a zaune.

An yi sadakar arba'in ina gida. Maigidana ya daina tambaya, taubashina ya koma Yamai ba mu yi sallama ba, har yanzu kuma bai sake ce mini mai allura ba. Ina zaune ina jin motar asibiti na wucewa, in juya baya. Ina fushi da Kawu, fushi na gaske, don ya zaɓi mutuwarsa ya bar ni da ɗaukarta. Amma kullum in na kai ƙarshen fushin, abu ɗaya nake tararwa. Mutumin nan ya sauko daga gadon mutuwarsa, da ɗan numfashin da ya rage masa, ya yi mini gaisuwar mutanen da ban riga na rasa ba. In na zauna gida, saukowar tasa ta tashi a banza ke nan. Wata safiya na buɗe adaka, rigar ta yamutse, na goge ta na tafi.

Ba a daɗe ba aka kawo wani manomi da maciji ya sara a gona, an tsaya neman maganin gida har lokaci ya wuce. Na yi abin da zan iya, kafin azahar ya cika. Na fito na ga kaina ina wanke kayan da an riga an wanke.

Bayan la'asar na koma gida. Maigidana yana kasuwa, yara suna makarantar allo, gidan shiru. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a ɗaki, na cire takalmi na zauna. Na san babu mai zuwa, duk da haka kunnena yana kan ƙofa, har wata akuya ta taɓa ƙyaure na waiwaya. Ba wanda ya yi sallama. Na yi fatiha ni kaɗai, na faɗi labarin manomin tun daga farko, da murya, ba mai katse ni. Da na gama, na ba da amsar da aka ce in riƙe.

"Da godiya, Kawu."

Na jawo sauran tuwon rana, ya huce, na ci, don da safe akwai masu jira.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa saurin fushinsa, ya haskaka makwancinsa. Ya sa a can ya tarar da wanda zai zauna da shi ya saurare shi tun daga farko, tunda a nan ba mu yi masa ba.